Shin da gaske Ibn Rushd ya ce hankalin mutane duka guda ɗaya ne?

Malamin Lissafi (Tudun Wada):

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, amma sai na ɗan yi shimfiɗa, a yi haƙuri da tsawonta.

Ina koyar da lissafi a wata sakandare a nan Tudun Wada. Bayan sallar Asuba kuma, daga Asabar zuwa Laraba, nakan shiga birni wajen wani malami a Unguwar Juma. Yau shekara uku ke nan muna jan Bidayatul Mujtahid, littafin fiƙihu na Ibn Rushd, yanzu muna babin ciniki. Ibn Rushd ɗin da na sani ke nan: alƙalin Kurɗuba ta Andalus, Bamalike, wanda zai jero maka maganganun malamai sannan ya ce sababin saɓaninsu shi ne kaza. Ban taɓa kawowa a raina yana da wata fuska ba.

Makon jiya ƙanin maiɗakina da ke karatu a Samaru ya zo cin tuwon dare, ya tafi ya manta wasu takardunsa a kan kujera. An ɗauke wuta, ba abin yi, sai na haska fitilar waya ina dubawa. Na ci karo da wani suna, Averroes, an rubuta an haife shi a Kurɗuba a 1126, ya rasu a Marrakish a 1198. Na ce kai, ai wannan mutuminmu ne. Takardar ta ce shi ya koyar da cewa 'yan Adam duka hankali ɗaya suke tarayya a cikinsa, wai malaman Kirista na Paris sun yi shekaru suna rigima kan maganar, har bishop ɗin garin ya haramta ta a 1270.

Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a wuya shi ne maiɗakin nawa na da juna biyu, ta shiga wata na biyar, kwanan nan ta fara jin motsi. Da muka kai wa Hajiyata labari a Kwarbai sai ta ce, "Allah ya sa ya ɗauko hankalin kakansa, kada ya biyo na ubansa." Muka yi dariya. Amma da na kwanta sai na kasa barci. Shin hankali ana gadonsa ne kamar hanci da tsawo? A ajina akwai wasu yara biyu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗaya kafin in rufe baki ya kama aljabara, ɗayan sai mun yi mako muna abu ɗaya, amma duk makarantar ba mai ladabinsa.

To tambayata biyu ce. Da gaske Ibn Rushd ya faɗi haka, kuma me yake nufi? Sannan su waɗancan malaman Kirista da suka yi masa raddi, su daga ina suka ce hankali yake zuwa?

Almajirin Kusfa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sauki iyali lafiya. Ni shawarata ka tsaya inda aya ta tsaya. An tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da ruhi, amsa ta sauka a Suratul Isra'i aya ta 85, cewa ruhi daga al'amarin Ubangiji yake, kuma ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan. Imamul Gazali ya riga ya gama da 'yan falsafa. Ka riƙe Bidayarka, ka bar wa yaron takardunsa.

Tsohon Ɗalibi (Samaru):

Malam, mutum ɗaya ne, ba kama ba ce. Wanda wasu ke rikitawa da shi kakansa ne, shi ma Ibn Rushd, shi ma alƙalin Kurɗuba, shi ya sa malamai ke cewa "kaka" da "jika". Mai Bidaya shi ne jikan, kuma shi ne ya yi wa littattafan Aristotal, masanin falsafar Girka na da, sharhi. Turawa har suka daina kiran sunansa, sai dai su ce "Mai Sharhi", kowa ya san wa ake nufi.

Dalilin da ba za ka ji wannan magana a zaure ba mai sauƙi ne. Tana cikin dogon sharhinsa kan littafin Aristotal game da rai, kuma asalin Larabcin wannan sharhi ya ɓata in ban da gutsattsari. Fassarar Latin ce ta rayu cikakkiya, wadda aka yi wajajen 1220 zuwa 1230. Mu muka gaji fiƙihunsa, su suka gaji wannan ɓangaren.

Tunda kai malamin lissafi ne bari in zo maka ta gidanka. Ka zana alwatika a allo, ka nuna wa yara cewa kusurwoyinta uku in an haɗa digiri 180 ne. Yaro ya gane. To abin da ya gane ɗin, shi ne wanda ka gane, ko wani ne mai kama da shi? In ka ce wani ne daban, to ba ka koya masa komai ba, kowa da tasa gaskiyar. In ka ce shi ne dai, to ina wannan abu ɗaya yake zaune? Ba alwatikar allonka ba ce, ita ta alli ce, gefenta ma a karkace, anjima za a goge. Abin da aka gane ya shafi kowace alwatika, babba da ƙarama, ta jiya da ta gobe. Ibn Rushd ya ce abin da ke cikin jiki guda dole ya zama na wannan wuri da wannan lokaci, kamar yadda ciwon kanka naka ne kai kaɗai. Saboda haka abin da ke karɓar ma'ana gamammiya ba zai zama a cikin jiki ba, kuma in babu jiki, me zai raba shi gida-gida? Sai ya ce wannan hankali mai karɓar ma'anoni guda ɗaya ne, ba ya mutuwa, dukanmu da shi muke haɗuwa in muna fahimta. Abin da yake naka kai kaɗai shi ne hotunan da ke cikin ƙwaƙwalwarka, da tunawarka, da iya jujjuya su. Yaranka biyu, a wurinsa, a nan suka bambanta.

Ka lura, ba wai yana cewa kowa ya san abin da ke zuciyar kowa ba ne. Kuma shi kansa sai da ya sauya ra'ayi kan mas'alar tsakanin gajeren sharhinsa da dogon.

Yadda abin ya isa Paris: a 1210 da 1215 an hana karantar da littattafan Aristotal na ilimin halitta a can. Haramcin bai riƙe ba. Zuwa 1255 tsangayar da kowane ɗalibi ke fara bi ta cikinta ta sa su cikin manhaja. Samarin malamai suka dinga karantar da Aristotal da sharhin Ibn Rushd a gefe, fitaccensu Sijer ɗan Brabant. Su malaman addini suka hango inda za a je. In abin da ba ya mutuwa a cikin mutum guda ne na kowa da kowa, to wa za a yi wa hisabi? Wa zai shiga aljanna, wa zai shiga wuta?

Wanda ya fi yi masa raddi mai kaifi Toma Akwinas ne, mutumin Italiya, malamin Kirista ɗan ɗariƙar Dominik. A 1270 ya rubuta ɗan littafi musamman kan wannan batu. Abin da ke burge ni da shi, bai yi ta jero ayoyin littafinsu ba. Cewa ya yi bari in kama ku da Aristotal ɗin naku da kuma hujjar hankali. Ya kafa ƙafarsa a kan magana ɗaya: wannan mutumin da ke gabanka shi ne yake fahimta. Ya kawo misalin bango. Launin bango yana cikin idon mai kallo, amma ba wanda zai ce bango yana gani, ganinsa ake yi. To in ni hotuna kawai nake bayarwa, wani hankali can daban yana ɗaukar ma'ana daga cikinsu, ashe ni bango ne. Ba ni nake ganewa ba, ni ake ganewa. Kan maganar malami da ɗalibi kuma ya ce abin da aka fahimta ɗaya ne, amma masu fahimtar da yawa ne, kamar yadda mutum goma ke kallon wata ɗaya da idanu ashirin. Wannan misalin na wata nawa ne, kada a jingina masa.

A ranar 10 ga Disamba 1270 bishop ɗin Paris, Etiyen Tamfiye, ya haramta maganganu 13, ta farkonsu ita ce cewa hankalin mutane duka ɗaya ne. Bai wadatar ba, ranar 7 ga Maris 1277 ya sake fitar da wasu 219. Ranar ta yi daidai da cika shekara uku cif da rasuwar Akwinas, kuma wasu daga cikin maganganun sun shafi ra'ayoyinsa shi ma. Sijer dai a Italiya ya ƙare, an ce magatakardansa ne ya daɓa masa wuƙa.

Ga ɗan'uwa Almajirin Kusfa: gaskiya ne Gazali ya yi wa 'yan falsafa raddi, amma ya rasu a 1111, kafin a haifi Ibn Rushd, kuma Ibn Rushd ya rubuta littafi sukutum yana ba shi amsa. Shi ma Ibn Rushd a gida bai sha da daɗi ba, a 1195 an kore shi daga fada an ƙona littattafan falsafa, kafin daga baya a dawo da shi.

Malamin Lissafi (Tudun Wada):

Allah ya ƙara ilimi. Misalin bangon nan ya shige ni. Ina da ɗalibai irin wannan bangon, za su haddace maka ƙa'ida su rubuta daidai, ni mai dubawa nake ganin ma'anar a takardarsu, su ba su gan ta ba. Amma fa ban ga Akwinas ya kashe hujjar alwatikar gaba ɗaya ba. Wata yana sama, kowa na iya nuna shi da yatsa. Ita digiri 180 ɗin a ina za a nuna ta? Mu bar wannan tukuna. Har yanzu ba a taɓa tambayata ta biyu ba, wadda ita ce ta hana ni barci.

Baba Na Wusasa:

Ɗana, sannu da ƙoƙari, Allah ya raba lafiya. Ni Kirista ne, Bahaushe, a nan Wusasa aka haife ni, na daɗe ina koyar da matasa a coci kafin ƙafa ta hana. Tambayarka ta biyu ta girmi rigimar Paris da shekaru ɗaruruwa, kuma a ƙasarmu ta Afirka aka fi dafa ta.

Tartuliyan, mutumin Kartaj a Tunisiya ta yau, wajen shekara ta 200, ya ce rai daga iyaye yake zuwa tare da jiki. Kalmar Latin da aka sa wa wannan ra'ayi daga reshen inabi aka samo ta, wanda ake binnewa ya yi saiwa ya zama sabon itace. Mu sai mu ce dashen rogo. Wannan shi ne ra'ayin Hajiyarka, ko da ba ta san sunansa ba. Orijin na Iskandariya kuma ya ce rayuka sun riga jikuna wanzuwa, daga baya ake sauko da su. Ikilisiya ta yi watsi da wannan a ƙarni na shida. Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya ce a'a, kowane jariri Allah ne yake halitta masa rai sabo fil.

Wanda nake so ka sani shi ne Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya. An haife shi a 354, ya rasu a 430. Mutum ne da ba ya rasa amsa, amma a nan ya cije. Matsalarsa irin tamu ce, ku ba ku da ita. Mu mun gaskata zunubin Adamu ya bi zuriyarsa. To in Allah ne ke yin kowane rai sabo da hannunsa, ta ina laifin Adamu ya shige shi? Allah ba zai halicci abu da datti ba. In kuwa an ce daga ran uba ake tsago shi, zancen gado ya zauna daidai, amma ta yaya abin da ba jiki ba ake tsaga shi? Ya taɓa gwada misalin fitila da ake kunnawa daga wata fitila ba tare da ta farkon ta ragu ba, shi kansa bai gamsu ba. A 415 ya rubuta wa Jerom doguwar wasiƙa har Baitalami yana roƙo a warware masa. Jerom ya yaba wasiƙar, bai amsa tambayar ba. Da Agustin ya tsufa yana bitar littattafansa, ya rubuta cewa wannan batu bai san shi a da ba, yanzu ma bai san shi ba. Ka ga bai yi nisa sosai da abin da ɗan'uwanmu na Kusfa ya karanto maka ba.

Malaman da suka zo daga baya, na zamanin Akwinas, kusan duka sun bi Jerom. Hujjar Akwinas ita ce, abin da ke iya fahimtar ma'ana ba aikin nama ba ne, saboda haka maniyyi ba zai iya samar da shi ba, sai dai a halicce shi kai tsaye. Amma maganar ba ta mutu ba. A cikin Furotesta, mabiya Luta da yawa sun koma wa ra'ayin gado, mabiya Kalbin suka riƙe na halitta.

In ka tambaye ni, 'ya'yana shida, na ga halin mahaifina tsaf a na huɗunsu, wanda bai taɓa ganinsa ba. Na kuma ga abin da ban san daga ina ya fito ba a ta ƙarshen. Na bar wa Agustin.

Ungozoma (Sabon Gari):

Malam, ni ba ruwana da falsafa, amma kun shigo fagena. Motsin da maiɗakinka ta ji a kan lokaci yake, yawanci tsakanin mako na 16 da na 20 mata ke fara ji, mai cikin fari takan ɗan makara. Sai dai ba ranar ya fara motsi ba, a hoton ciki muna ganin bugun zuciya tun wajen mako na shida. Kada ta yi wasa da zuwa awo da maganin ƙarin jini. Tambayata ga mutumin Samaru: su waɗancan sun yanke ranar da hankalin ke shiga, kamar yadda mu muke da kwana 120?

Tsohon Ɗalibi (Samaru):

Hajiya, sun taɓa. Akwinas bai ce daga ranar da ciki ya shiga akwai ran ɗan Adam cikakke ba. Ya bi Aristotal ya ce mataki-mataki ne: da farko rai irin na tsiro, mai ci da girma, sai ya gushe na dabba mai ji da motsi ya maye gurbinsa, a ƙarshe in jiki ya shirya Allah ya halicci rai mai hankali, wanda zai haɗe aikin na baya duka. Aristotal ma ya ce hankali shi kaɗai daga waje yake shigowa, lafazinsa kamar a ce ta ƙofa. Lissafin da suka gada daga gare shi kwana 40 ne ga namiji, wajen 90 ga mace, wanda na san ke za ki yi wa dariya. Namu na hadisin Ibn Mas'ud ne, na huɗu a Arba'una, arba'in sau uku sannan a aiko mala'ika ya busa ruhi. Tushen daban, amma duka biyun sun yarda akwai tazara tsakanin fara ginin jiki da zuwan mai gidan.

Akwai wani reshe na rigimar da ban ambata ba. Akwinas ya ce rai ba baƙo ba ne a jiki kamar matuƙi a jirgi, shi ne abin da ya mai da jikin jikin mutum, kuma shi kaɗai ne, babu wani a ƙarƙashinsa. 'Yan ɗariƙar Faransis suka ce to in haka ne, da rai ya fita abin da ke kwance ba jikin mamacin ba ne, wani abu ne daban. To ƙasusuwan waliyyansu da suke girmamawa fa? Jikin Almasihu a kabari fa, bisa aƙidarsu? A Oksfod ta Ingila an haramta maganganu masu alaƙa da wannan kwana 11 bayan na Paris, kuma wanda ya haramta ɗin, Kilwadbi, babban bishop na Kantabari, ɗan ɗariƙarsu Akwinas ne. A 1286 magajinsa Fekam ya sake tsananta hukuncin. Daga baya babban taron ikilisiya na Biyen a 1312 ya tabbatar da cewa rai mai hankali shi ne surar jiki, wato abin da ya mai da shi jikin mutum, a 1323 kuma aka sa Akwinas cikin waliyyai. Duk da haka Wiliyam na Okam, wani malamin ɗariƙar Faransis, ya zo ya ce da hujjar hankali zalla ba za ka iya tabbatar da wannan ba, imani ne ya ba su shi.

Kuma Akwinas, duk da ya yarda rai na wanzuwa bayan mutuwa, ya rubuta a sharhinsa na wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Korintiyawa cewa "raina ba shi ne ni ba". Wato sai an tayar da jiki mutum zai cika mutum.

Malamin Lissafi (Tudun Wada):

Baba, na gode, Allah ya ƙara lafiya. Hajiya Ungozoma, saƙo ya isa, ranar Talata za ta koma awo.

Maganar gawar nan ta tuno mini abin da ban shirya faɗa ba. Shekara huɗu da suka wuce ni da yayana muka yi wa mahaifinmu wanka a Kwarbai. Hannun da na sani ne, har tabon da lauje ya bar masa a babban yatsa. Ina zuba ruwa ina kaffa-kaffa kada ya yi masa zafi. Amma da aka fito ba wanda ya kira sunansa, cewa ake a matso da gawar. Kuma shekara biyu kafin rasuwar tsufa ya riga ya tafi da hankalinsa, yana kirana da sunan ƙaninsa da ya rasu tun ina yaro, alhali da ransa, yana cin tuwonsa, yana sallarsa ko da raka'o'in sun cakuɗe. Mu a Hausa ba mu taɓa cewa ransa ya tafi ba, cewa muke hankalinsa ya gushe. Shi ya sa nake ganin takardun yaron nan sun ruɗa ni ne tun farko, don abin da waɗancan ke kira da kalma ɗaya, wani lokaci rai suke nufi, wani lokaci hankali, mu kuma ga ruhi ga zuciya ga kurwa a gefe. Ibn Rushd zai ce hotunan ƙwaƙwalwar Baba ne suka lalace, igiyar ta tsinke. Akwinas zai ce hankalin nasa na nan, kayan aikinsa ne suka gaza. A wannan na fi karkata ga Akwinas, ko don na ga ranar da ya farfaɗo na minti biyar ya kira sunana daidai ya tambaye ni ko an biya mai gyaran soro.

Almajirin Kusfa, ban bar Bidaya ba, ranar Asabar ina zaure in Allah ya kai mu. Zan jira a tashi karatu in tambayi Malam a gefe ko ya taɓa jin wannan fuskar ta mai littafin.

Na karanta wa maiɗakina amsoshinku jiya da dare. Da na zo wajen kwana 40 da 90 ta ce in ajiye wayar in miƙo mata filo.